Yadda Ake Bin Diddigin Ƙudirin Cire Kebek Daga Dokar Al'adu ta Kanada

Duk sanda Bloc Québécois, jam'iyyar masu kishin lardin Kebek, ta tayar da maganar nan a majalisar tarayya ta Ottawa, wayata ba ta hutawa: "Malam, wai da gaske za a hana mu al'adunmu?" To, ga yadda ni nake bin ta daga nan Montreal.

Fara da sanin abin da ake son cirewa. Pierre Trudeau ne ya shelanta manufar zaman al'adu daban-daban a 1971, ta zama doka a 1988 zamanin Brian Mulroney. Abin da Bloc ke nema bai fi 'yan layuka ba: kada dokar ta yi aiki a Kebek. Hujjarsu ita ce Kebek al'umma ce mai harshenta, Faransanci, kuma baƙo ya kamata ya shigo cikinta, ba kowa ya ja tungarsa ba. Tun 1971 firimiyan lardin, Robert Bourassa, ya nuna bai gamsu ba.

Daga nan nemo lambar ƙudirin, ka saka ta a shafin majalisa na LEGISinfo. In lambar ta kama daga C-201 zuwa sama, ƙudirin ɗan majalisa ne shi kaɗai, ba na gwamnati ba. Amma ka duba shekara da kyau, domin ana maimaita lambobi a kowace sabuwar majalisa bayan zaɓe. Na taɓa kwashe rabin awa ina karanta wani ƙudiri daban, ina ta mamakin me ya haɗa shi da Kebek. Wanda nake nema a lokacin shi ne C-226 na Luc Thériault, wanda ya faɗi a 2021.

Kada karatu na farko ya tayar maka da hankali, gabatarwa ce kawai. Irin wannan ƙudiri sai mai shi ya yi sa'a a ƙuri'ar jeren layi, sannan a ba shi muhawarar awa biyu kafin kaɗa ƙuri'ar karatu na biyu. A nan ake yanke hukunci, kuma lissafin a fili yake: kujerun Kebek 78 ne cikin 343, ba ma duka ke hannun Bloc ba. Ko da ya tsallake, sashe na 27 na kundin 'yanci na 1982, ɓangaren tsarin mulkin da ya tanadi kiyaye al'adu daban-daban, yana nan daram, doka ta yau da kullum ba ta goge shi.

In kana da abin faɗa, rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarka. Wasiƙa zuwa majalisa ba ta buƙatar kan sarki.

Ni dai na fi sa ido a majalisar lardin da ke birnin Kebek. Can aka yi doka ta 101 a 1977, wadda ta sa 'ya'yana makarantar Faransanci, can kuma aka zartar da doka ta 84 kan shigar da baƙi cikin al'umma a 2025.