Yadda Ake Saƙa Malafar Rana da Kwarashi, da Yadda Ragowar Atamfa Za Ta Ƙawata Tebur

Duk mai riƙe kwarashi a Jos ta iya hular sanyi. Ita ake fara koya wa yarinya, ita ake kaiwa gidan suna tare da safa da suwaita, domin daga Disamba zuwa Janairu sanyin garin nan ba ya raga wa kowa. Abin da ba mu cika saƙawa ba shi ne hular rana, alhali muna bukatarta fiye da yadda muke zato. Jos tana kan tudu ne, sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarfin hasken rana mai ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000 da aka hau. Iskar garin ce ke ruɗin mutum, ba zai ji zafi ba, sai ya koma gida ya ga goshi da bayan wuya sun yi duhu suna raɗaɗi. Mai kasa kayan gwari a Farin Gada ta san haka, masu aikin gonar dankali a Bokkos da Mangu ma sun sani. Idan kuwa akwai yaro zabiya a gidanku ko a maƙwabta, malafa mai faɗin baki tana cikin manyan alherin da hannunki zai yi masa, don rana na yi wa fatarsu illa mai tsanani.

Fara da zare

A nan aka fi yin asara. Yawancin zaren da ke shagunan Terminus da kan titin Ahmadu Bello, wanda muke kira ulu, na roba ne. Yana da kyau ga kayan sanyi, amma a malafa yana riƙe zafi, kai ya yi ta gumi, bakin kuma ya riƙa langaɓewa a kan ido. Ki nemi zaren auduga mai matsakaicin kauri, giram 150 zuwa 200 don kan babba. Idan siriri kika samu, ki haɗa biyu ki saƙa su tare. In kina shakka, ki roƙi mai shago ɗan guntu ki kusanta shi da ashana: auduga na ci da wuta da warin takarda ta bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Ki sayi duk abin da kike bukata a rana ɗaya, saboda kala ɗaya takan bambanta daga wannan kaya zuwa wancan. Ni na fi son ruwan ƙasa ko ruwan toka, don fari ba ya jure ƙurar hunturu.

Kwarashi kuma ki ɗauki wanda ya ɗan gaza abin da zaren ya saba ɗauka, kamar mai lamba 3.5. Dalili shi ne ana son saƙar ta matse. Ki ɗaga ta sama ki duba, duk inda kika hango haske, to rana ma ta nan za ta shiga. Malafa mai ramuka-ramuka tana da kyau a hoto, amma ado ce kawai. Sai tef ɗin awo irin na tela, almakashi, babbar allura, da ɗan zare mai wata kala don alama.

Awo, kafin komai

'Yar'uwa, kada ki ɗauki lissafin wata ki saƙa wa kanki. Yawancin lissafin da ake gani a intanet an yi shi ne don kan da ba kitso, ba ɗankwali. Mu kuwa a kan kallabi ko hijabi za mu ɗora malafar, ƙarƙashinsa ga shuku ko kitson da aka tara a ƙeya. Saboda haka ki shirya kanki yadda za ki fita, sannan ki zagaya tef daga tsakiyar goshi, ta saman kunnuwa, zuwa inda ƙeya ta fi tudu. Kan babbar mace ba komai a kansa yakan kama santimita 55 zuwa 57, amma da ɗankwali yana iya haura haka sosai.

Abin da tef ya ba ki, ki raba shi da 3.14, ki samu faɗin da saman malafar zai yi. Misali awo 56 zai ba ki kusan 17.8. Ki tsaya a 17 ko 17 da rabi, domin saƙa na ɗan saki bayan an fara sakawa. Yaro mai awo 50, samansa zai tsaya wajen 15 da rabi. Ki rubuta lambar nan a takarda ki ajiye kusa.

Saman malafa

Da gajeren ido za a yi aikin gaba ɗaya: ki zura kwarashi cikin ido, ki jawo zare, madauki biyu ke nan a kan kwarashi, ki sake naɗo zare ki jawo ta cikinsu duka. Shi ne idon da ya fi kowane matsewa.

Ki yi sarƙa biyu, ki saƙa ido 6 a cikin ta farko. Zagaye na biyu, ido biyu a cikin kowane ido, sun zama 12. Na uku, ɗaya a ido na farko, biyu a na gaba, har ki zagayo, 18. Na huɗu, ɗaya, ɗaya, sannan biyu, 24. Haka za ki ci gaba, kowane zagaye ana ƙara 6, tazarar da ke tsakanin ƙari da ƙari tana ƙaruwa da ido ɗaya. Ba sai kin rufe zagaye ba, ki bi shi yana murɗawa, amma ki maƙala zaren alama a idon farko ki riƙa hawa da shi, in ba haka ba yaro ɗaya ya kira ki, lissafi ya tafi.

Daga zagaye na shida ki fara sauya wurin ƙari. Idan kullum a kan na ƙasa kike ɗora shi, saman zai fito da kusurwa shida. Wannan zagaye ki fara da ƙarin, na gaba ki saƙa rabin tazarar tukuna sannan ki ƙara. Bayan kowane zagaye biyu ki aza aikin a kan tebur. Ana son ya kwanta lif kamar faifai. In gefensa ya fara tattarewa yana lanƙwasa, ƙari ya yi yawa, ki yi zagaye ɗaya babu ƙari. In ya fara zurfi tun bai kai ba, hannunki ya matse fiye da kima ko kin tsallake ƙari. Da irin zaren da na ambata, kan babba yakan kai ne wajen zagaye na 16, wato ido 96, amma tef ne mai yanke hukunci, don hannu ya bambanta. Ranar da faɗin ya kai lambar da kika rubuta, ki daina ƙari.

Jiki

Zagayen farko na jiki, ki zura kwarashi ta madaukin baya kawai na kowane ido. Wannan ne ke fitar da layi mai kaifi inda sama ya karya ya gangaro. Daga nan sai saƙa miƙe, ba ƙari ba ragi, har tsawon santimita 8 zuwa 9 ga babba, 7 ga yaro. Ki gwada a ka: ta sauko dab da saman kunne, kuma yatsa ɗaya ya iya shiga tsakaninta da goshi.

Baki

Nan ne malafa ke amsa sunanta, kuma nan ne haƙuri ke ƙarewa, saboda kowane zagaye ya fi na baya tsawo. Kada ki gaji ki tsaya a santimita 4. Bakin da zai rufe hanci da kunnuwa da bayan wuya sai ya kai 7 zuwa 10, na ƙaramin yaro kuma 6.

Zagayen farko ki saƙa ta madaukin gaba kawai, shi zai juya bakin waje, kina ƙari a kowane ido na shida. Mai 96 za ta koma 112. Na biyu babu ƙari. Na uku ki ƙara 12, a rarrabe daidai: ki raba jimillar idanunki da 12, abin da ya fito, ban da 'yar ragowar da ba ta rabu ba, shi ne tazarar. Daga nan ki riƙa yin haka, zagaye ɗaya ƙarin 12, ɗaya babu, kina sauya wurin ƙarin kamar yadda kika yi a sama. Idan kina son bakin ya ɗan sunkuyo ya yi inuwa sosai, wanda ni shi na fi so ga mai wuni a kasuwa, ki bar zagaye biyu babu ƙari a tsakani lokaci-lokaci.

A zagaye biyu na ƙarshe ki kwantar da igiyar roba ta kamun kifi, mai kauri, a kan gefen, ki saƙa a kanta ta ɓuya cikin idanu. In ta zo a nannaɗe, ki tsoma ta a ruwan ɗumi ta miƙe tukuna. Inda bakunanta biyu suka haɗu ki bar su su haye juna da kamar santimita 5, ki ɗaure su tam da zare don kada su huda saƙar. Kada ki ja igiyar da ƙarfi, ki bar ta ta bi faɗin bakin yadda yake. Ki yanke zare, ki ɓoye jelarsa da allura ta ciki.

Sai sitaci. Cokali biyu na garin sitacin rogo ki dama da ɗan ruwan sanyi, ki zuba tafasasshen ruwa kofi biyu kina juyawa har ya yi garai-garai, ki bari ya huce. Ki tsoma malafar, ki matse ba tare da murɗewa ba, ki kifa ta a kan kwano ko robar da ta yi daidai da awon kan, bakin kuma ki shafe shi da tafin hannu a kan tebur. Ta bushe a inuwa. Kada ki manta da igiyar haɓa: sarƙa biyu dogaye, kowace ki koma kanta da gajeren ido, ki ɗinke su ta ciki daidai kunnuwa. Wanda ya taɓa hawa duwatsun Shere, ko ya ga iskar da ke gabatar ruwan farko a watan Afrilu, ba zai tambayi amfaninta ba.

Adon ƙarshe shi ne ɗamarar atamfa mai faɗin yatsu biyu a gindin jiki. Tana ƙara kyau, tana kuma hana wurin saki. Ki je wurin telarki ki roƙi ƙyallaye, musamman bayan ɗinkin sallah, za ki dawo da leda cike alhali tsiri ɗaya kike bukata.

Ragowar ƙyallayen

Kada ki zubar. Da su ake yin doguwar shimfiɗar tsakiyar tebur mai hawa uku, wadda ake bi da ɗinki a haɗe sama da ciki da baya. Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, haka ake yin lifidin da ake gani jikin dawakai a hawan sallah, yadi biyu da auduga a tsakani.

Ki fara wanke ƙyallayen, kowace kala daban, domin wata atamfar tana zuba, wata tana tsukewa, sannan ki goge. Don teburin tsakiyar falo, ki yanka murabba'i 36, kowane santimita 12 ta kowane gefe. Ɗinki zai ci santimita ɗaya a kowane ɓangare, ya bar 10. Ki jera su a ƙasa, uku a faɗi, 12 a tsawo, ki ja baya ki duba. Atamfa tana da surutu, in kika haɗa masu manyan zane gefe da gefe ido ba zai huta ba. Ki zaɓi kala ɗaya da za ta riƙa dawowa, ki sa yadi mara zane a tsakani. Ki haɗa uku-uku, ki goge ɗinkin layi ɗaya zuwa dama, na gaba zuwa hagu don mahaɗar ta zauna daidai, sannan ki haɗa layukan. Za ki samu kusan santimita 30 a faɗi, 120 a tsawo.

Ki shimfiɗa yadin baya fuskarsa ƙasa, ki ɗora tsohon tawul mara kauri ko siririn bargon auduga, irin wanda ba a rasawa a gwanjon kasuwar Katako, sannan saman fuskarsa sama. Na ƙasa biyun su ɗan fi saman girma. Ki kama su da manyan ɗinkin wucin gadi, sannan ki fara ɗinkin gaske daga tsakiya zuwa waje, da keke ko da hannu, layi da layi kada su wuce santimita 5. Wadda ta fara daga gefe za ta tarar yadi ya taru ya yi ƙulli a tsakiya. Ki daidaita gefuna da almakashi, ki yanka tsiri mai faɗin santimita 6, a haɗa shi ya kai mita uku da rabi, ki ninka shi biyu a tsaye, ki ɗinka ta gaba, ki juya shi baya ki kama da hannu.

Wajen ado, ki bar katakon teburin ya fito ta gefe biyu, kada shimfiɗar ta wuce kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa. A teburin cin abinci ana son ta sauko santimita 15 zuwa 20 ta kowane kai, sai ki ƙara layuka gwargwadon tsawonsa. Abu ɗaya ya isa a tsakiyarta, kwanon dabino ko ɗan tulun fure, don aikin hannunki ya samu wurin fitowa. Gidan da ake cin abinci a ƙasa ma tana da amfani: da azumi a shimfiɗa ta tsakiyar tabarma a jera kuloli da jug ɗin kunu a kai. Saboda irin wannan ne na ce cikinta ya zama auduga, don soso na roba ba ya jure gindin buta mai zafi.

Duka biyun da hannu ake wanke su, a ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi. Shimfiɗar a shanya ta a inuwa don kalar atamfa ta daɗe, malafar kuma a sake mata sitaci a kifa ta a kan robarta bayan kowane wanki.