Yadda na gyara nason launi a bakin zanen da nake bugawa da sikirin

Mako biyu na yi a shagona da ke Gombe ina fama da wani zane mai murabba'i shuɗi a kan fili ruwan goro, irin salon nan mai kaifin baki da ya yi fice a Amurka wajen 1960, wanda aka san mai zane Ellsworth Kelly da shi. Armashin irin wannan aiki yana wurin da launuka biyun suka haɗu, amma nawa kullum sai shuɗin ya yi naso, ya bar wani siririn layi mai duhu kamar laka.

Da farko na zargi fentin, na sayo wani, na kuma sauya robar jan fenti, duk ba ta sauya zani ba.

Ashe ragar sikirin ce, wato ragar da ke ɗaure a firam wadda ake tura fenti ta cikinta, take kwanciya a kan takarda. Na liƙa kwali mai kaurin milimita 3 a ƙarƙashin kusurwoyin firam ɗin, ta yadda ragar ba ta taɓa takarda sai inda roba ta danna, tana wucewa kuma ragar ta ɗago. Na fara buga ruwan goron da ramin murabba'in a tsakiyarsa, na bar shi ya kwana ya bushe. Washegari na riƙe robar a karkace kamar digiri 75, na ja shuɗin sau ɗaya tak, ya hau bakin ruwan goron da rabin milimita don kada farin takarda ya leƙo. Tsakanin bugu da bugu ina rufe ragar da fenti, domin iskar hunturu tana saurin busar da ragowar fenti a cikin ramukanta ya toshe ta.

Alhamdulillahi, bakin ya fito kamar yankan reza.