Yadda na koya wa ɗana labarin Ostireliya a yaƙin Biyetnam

Makarantar ɗana a nan Jidda ta ba su aikin gida a kan wannan yaƙi, ya dawo ya rasa ta ina zai kama. Idan naka ya zo da irinsa, ga hanyar da na bi.

Fara da taswira. Nuna masa Biyetnam ta Kudu, da lardin Phuoc Tuy inda sojojin Ostireliya suka yi sansani. Shekarun kuwa kada ka cika masa kai: 1962 aka tura masu ba da horo 30, a 1965 Firaministan Ostireliya Menzies ya tura bataliya don mara wa Amurka baya.

Inda za ka daɗe shi ne ƙuri'ar shiga soja. Bayan isha'i na tara ƙwallon dabino a kwano, na rubuta wa kowanne kwanan wata, na ce ya rufe ido ya ɗauko. Haka aka yi wa samari 'yan shekara 20, ana zaro ranakun haihuwa daga ganga, wanda ranarsa ta fito ana iya ɗaukarsa soja. Da tasa ta fito, sai ya yi tsit. Ni ma gabana ya faɗi, wallahi.

Daga nan zai gane abin da ya fito da iyaye mata kan titi, da dubban mutanen da suka cika birnin Melbourne suna zanga-zangar adawa da yaƙin a Mayun 1970.

Kada ka bari ya manta da sojojin. Sama da 500 sun mutu, 18 a fafatawar Long Tan kaɗai a 1966, kuma sai 1987 aka yi wa waɗanda suka dawo faretin maraba a Sidni. Ya kuma rubuta cewa mutanen Biyetnam ne suka fi kowa asarar rayuka.