Gyaran gida kafin a sa shi kasuwa a Katsina

Da farko ka fito da takardun gidan: takardar mallaka, ko ta ciniki mai sa hannun mai unguwa. In gidan gado ne, kada ka kira dillali sai magada duka sun yarda, don cinikin da ɗaya ya ƙi kotu yake ƙarewa.

Sannan ka hau rufi. Mai saye daga Kofar Kaura ko Kofar Marusa tambayarsa ɗaya: yana yoyo da damina? Ka gyara indararo, ka toshe tsagar bango, ka yi fenti tun daga zaure. Ka yashe kwata, a kwashe tarkace, awaki su tafi maƙwabta ranar da za a duba.

La'adar dillali kuwa, ku yanke ta tun farko, gaban shaidu.