Kurakuran masu koyon sassaƙar dutse da fasasshen tangaran

Mu a Kano ƙanƙara, wato dutsen nan mai ɓantaruwa da kyau, ba ta samuwa a banza, shi ya sa mai son koyon fiƙe kan kibiya irin na mutanen zamanin da, yake farawa da tangaran. Yana ɓallewa kamar gilashi, kuma tsohon tankin masai ko na wankin hannu ba ya wuyar samu wajen 'yan jari bola ko a Ƙofar Ruwa. Amma na gaji da ganin ana ɓarnatar da shi.

Babban kuskure shi ne duka ba tare da an gyara wurin dukan ba. Wani ƙanena da ke koyo a wurina ya ɗauki murfin tanki mai kauri da na daɗe ina adanawa, kafin la'asar ya mai da shi tsakuwa. Ƙarfi yake sawa, alhali aikin ba na ƙarfi ba ne. Gefen da za ka daka dole kusurwarsa ta gaza digiri 90, in ta wuce haka ko kwana ka yi kana duka ba abin da zai fita sai gari. Kuma gefe mai kaifi murƙushewa yake yi. Ni sai na goge shi da dutsen wasa ya dakushe, sannan in daka sau ɗaya, a saitin doron da ɓallin da na cire a baya ya bari. In ɓalli ya tsaya a tsakiya ya bar tudu, ka daina dukan wurin, ka biyo masa ta ɗaya gefen.

Na biyu ya fi ɓata mini rai: aiki a cikin ɗaki. Haba jama'a! Ƙurar tangaran tana taruwa a huhu, ba ta fita. Masu sassaƙa ƙanƙarar bindiga a garin Brandon na Ingila, da yawansu wannan ƙura ta kashe su tun ba su tsufa ba. Ka fita tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ka sa takunkumi da tabarau, ka shimfiɗa fata mai kauri a cinyarka.

Faranti da kofi kuwa ka bar su, sun yi siriri kuma a lanƙwashe suke. Ƙyallin nan na saman tangaran ɗin tanki ka fara ɓantare shi. Gudumar ƙarfe ragargaza take yi, ni da jan ƙarfe nake aiki. In ka tashi ka yayyafa ruwa kafin shara, ka kwashe ɓarɓashin tas, don yara ba takalmi suke yawo ba.