Karɓar kuɗi a kan shari'ar mamaci a Amurka kafin a biya diyya: yadda za ku bi abun kada ya cinye rabon marayu

In mota ta kashe mutum a Amurka, ko sakacin asibiti, ko ya rasu a wajen aiki saboda gangancin wani, iyalinsa suna da damar kai ƙara su nemi diyya. Matsalar ita ce shari'ar nan ba ta sauri, shekara biyu uku ba komai ba ne a wajenta, shi kuwa mai gidan haya ba ruwansa da cewa maigida ya rasu, wata na ƙarewa zai turo takarda. A wannan tsakanin ne wasu kamfanonin kuɗi suke shigowa, su ce za su ba ku wani abu yanzu, in an ci shari'a su cire nasu da riba, in kuma an faɗi ba sa binku ko sisi. Maganar gaskiya ce a yawancin kwantiragin, ba damfara ba ce, amma kuɗi ne mai tsadar gaske kuma wanda yake cikin zafin rashi ba ya iya zama ya yi lissafi, shi ya sa nake so ku bi abun daki daki.

Farko dai sai da lauya. Babu kamfanin da zai kula ku in ba ku da lauyan da ya riƙe kes ɗin, domin su ba albashinku suke dubawa ba, ba kuma tarihin bashinku ba, ƙarfin shari'ar kawai suke aunawa, kuma daga ofishin lauya za su karɓi takardu sannan daga hannunsa za a biya su a ƙarshe. Irin waɗannan lauyoyi ba sa karɓar kuɗi a gaba, kasonsu suke cira in an yi nasara, yawanci kashi 33 zuwa 40 cikin 100. Kuma dan Allah kar a zauna ana cewa sai an gama takaba ko sai hankali ya kwanta kafin a nemi lauya, wa'adin shigar da ƙara yawanci yana tafiya tun daga ranar rasuwa. A Niyok, Kalifoniya, Teksas da Fulorida shekara 2 ce, a Tenesi shekara 1 kacal. In kuma hukumar gwamnati ce ake ƙara, misali bas ɗin birni ko asibitin gwamnati, wa'adin sanar da su ya fi haka gajarta sosai, a Kalifoniya wata 6 ne, a Niyok kwana 90 daga ranar da kotu ta naɗa mai kula da gadon.

Wannan maganar ta mai kula da gado ita ce inda shari'ar mamaci ta bambanta da ta wanda ya ji ciwo yana raye, kuma nan ne iyalai da yawa suke rikicewa. A Niyok da Fulorida ba matar mamaci ko ɗansa ne yake shigar da ƙara da sunan kansa ba, sai wanda kotun gado ta naɗa wakili, shi zai tsaya a madadin kowa. A Teksas mata ko miji, 'ya'ya da iyaye suna iya shigarwa, amma wa ko ƙani ba shi da wannan haƙƙin komai kusancinsu. Toh kamfanin kuɗin zai fara tambaya, wa ke neman kuɗin nan, kuma nawa ne rabonsa a cikin abin da za a samu? Domin diyyar ba ta mutum ɗaya ba ce, rabawa za a yi. Ku ma tambayar da ya kamata ku yi wa lauya kenan tun kafin ku kira kowa: in na karɓi kuɗin nan, daga rabon wa za a cire, nawa ni kaɗai ko daga tulin gaba ɗaya? A sa amsar a rubuce cikin kwantiragi. Rabon yara ƙanana kuwa sai alƙali ya amince kafin a taɓa shi, kuma ko da an samu wata hanya ni dai ban ga dalilin da zai sa a jingina kuɗin maraya ɗan shekara shida ba a kan bukatar da manya za su iya neman wata hanyar magance ta. Wannan kuɗin shi ne makarantarsa nan da shekara goma sha biyu.

Kafin ku ɗaga waya, ku fara tattara abin da yake haƙƙinku ne wanda ba a biya da riba. In mamacin ya yi aiki ya biya Social Security, wato asusun fansho na gwamnatin tarayya, na isasshen lokaci, 'ya'yansa 'yan ƙasa da shekara 18 suna samun kuɗi duk wata, kowane yaro har kashi 75 cikin 100 na abin da uban zai samu, sai dai akwai iyakar abin da gida ɗaya zai karɓa, ga kuma dala 255 da ake bayarwa sau ɗaya. Ku tambayi wajen aikinsa ko akwai inshorar rai, mutane da yawa suna da ita ta kamfani iyalinsu ba su ma sani ba. In a bakin aiki ya rasu akwai inshorar ma'aikata da take biyan kuɗin jana'iza da wani kaso na albashi. In kashe shi aka yi, kowace jiha tana da asusun tallafa wa waɗanda aka yi wa laifi. A Niyok inshorar mota tana ba da dala 2,000 in an rasu a hatsari ba tare da an jira sanin mai laifi ba. Kar ku ji haushin lauyanku in kun roƙe shi rancen kuɗin haya ya ce ba zai iya ba, dokar sana'arsu ce a yawancin jihohi ta hana lauya ba wa wanda yake karewa kuɗin cefane, kuɗin gudanar da shari'a kawai aka yarje masa ya kashe. Wanda kuma zuciyarsa take masa nauyi a kan maganar riba ya kai takardar wajen malamin da ya san harkar kuɗi, ya nuna masa ita kanta, kada ya ba shi labari da baki.

In duk an bi waɗannan kuma har yanzu akwai giɓi, to a zauna da biro da takarda a rubuta giɓin. Haya wata nawa, kuɗin wuta, abinci, shikenan. Kamfanoni yawanci ba sa wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na abin da suke hasashen za a samu, kuma za su gaya muku iyakar abin da kuka cancanta kamar wata kyauta ce, ku kar ku karɓi iyakar. In dala 6,000 za ta riƙe ku wata huɗu ku karɓi 6,000, in buƙata ta sake tasowa a sake nema, domin riba tana fara gudu ne daga ranar da kuɗi ya shiga hannunku, wanda kuka ajiye a akawun ba ku taɓa ba shi ma ana lissafa masa. Abun kamar manomin da ya sayar da hatsinsa ne tun yana kore a gona, duk buhun da ya ɗaga yanzu da araha ya bayar.

Ga lissafin da nake so kowa ya gani da idonsa. A ce kun karɓi dala 10,000 a kan kashi 3 cikin 100 duk wata. Uku cikin ɗari, a kunne ba shi da wani nauyi. In irin ribar nan ce da take hawa kan ribar baya, bayan shekara 1 ana binku kusan 14,260, bayan shekara 2 kusan 20,330, bayan shekara 3 kusan 28,980. In kuwa a kan uwar kuɗi kawai ake lissafawa, a shekara 3 ɗin 20,800 ne. Kun ga bambancin ya haura dala 8,000 a kan lamba ɗaya da aka faɗa muku a waya, kuma wasu suna ɗora kuɗin cike fom da kuɗin dillali a kan uwar kuɗin tun ranar farko, sai ya zama kuna biyan riba a kan kuɗin da ba ku taɓa riƙewa ba. Wasu kuma wata shida shida suke yanka lokaci, in aka biya su a wata na bakwai sai su caje ku na shekara guda cur.

Saboda haka kar ku tsaya a kan kashi nawa ne, ku ce a turo muku tebur a rubuce: in an biya a wata 6 dala nawa, a wata 12 nawa, 18, 24, 36, har da duk wasu caji a ciki. Ku nemi wannan teburin daga kamfani uku aƙalla ku jera su a kan tabarma ɗaya ku duba. Ku tambaya ko akwai inda ribar take tsayawa, wasu suna tsayar da ita in ta ninka uwar kuɗi ko bayan wasu shekaru, kuma wannan tsayawar ta fi muku ragin rabin kashi amfani in shari'a ta ja. Wanda ya ce sai kun sa hannu yau yau ko tayin ya wuce, ku ajiye wayar kawai.

Jihar da kuke zaune tana da tasiri sosai, domin babu wata dokar tarayya guda da ta tsara wannan kasuwa. Kamfanonin suna cewa su ba bashi suke bayarwa ba, wani yanki na diyya suke saya, da wannan hujjar ce suke kauce wa dokokin da suka ƙayyade riba. Kotun ƙolin Kolorado ba ta yarda ba, a 2015 ta yanke cewa bashi ne kuma dokar bashi ta hau kansa. Ilinoi ta yi doka a 2022 da ta ce ba za a wuce kashi 18 cikin 100 na uwar kuɗi duk wata 6 ba, kuma caji ya tsaya bayan wata 42. A Ohayo tun 2008 kuna da kwanakin aiki 5 da za ku iya fasawa ku mayar da kuɗin ba tare da tara ba. Ku tambayi lauya me dokar jiharku ta ce, kuma ko kamfanin yana da rajista in jihar tana buƙatar haka.

A cikin kwantiragin kansa akwai layuka da sai kun gan su da idonku. Na farko wanda ya ce in an faɗi shari'a ba a binku komai, kuma in abin da aka samu bai kai bashin ba, iyakar abin da ya rage suke ɗauka, ba za su bi gidanku ko albashinku ba. Ku karanta sharuɗɗan da za su iya rushe wannan alkawarin, yawanci ƙarya a wajen cike takarda ne ko ɓoye cewa kun riga kun karɓa a wani kamfani, to a faɗi gaskiya tun farko. Sai layin da ya ce kamfani ba shi da ta cewa a kan ko ku amince da sulhu ko ku ƙi, wannan naku ne da lauyanku. Ku duba abin da zai faru in kun canza lauya. Kuma ku bar lauya ya zaɓi takardun da zai tura musu da kansa, domin abin da ya fita daga ofishinsa zuwa hannun wani, ɗaya ɓangaren na iya neman kotu ta ba su damar gani. In lauyan ne ya nuna muku kamfanin ba laifi, amma ku tambaye shi kai tsaye ko yana da wata alaƙar kuɗi da su.

Abu ɗaya da nake ganin iyalai suna yaudarar kansu a kai shi ne girman diyyar. Ana jin labarin miliyoyi a talabijin, amma a zahiri abin da ake samu sau da yawa iyakarsa inshorar mai laifi. Direban da ya sayi mafi ƙarancin inshora a Niyok, dala 50,000 ce a kan mutuwar mutum ɗaya. Babbar motar kaya mai tsallaka jihohi kuwa dokar tarayya ta wajabta mata inshorar aƙalla 750,000. Niyok ɗin kuma asarar kuɗi take lissafawa, abin da mamaci zai kawo gida da hidimarsa ga yara, ba ta biyan baƙin cikin iyali, an sha kai ƙudurin canza hakan gwamna Kathy Hochul tana ƙin sa hannu, ta ƙi a 2023 ta sake ƙi a 2024. Yanzu a ce an sasanta a kan 300,000. Lauya ya cire kashi ɗaya cikin uku, 100,000. A ce kuɗin ƙwararru da takardun kotu sun ci 20,000, Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ko asibiti suna bin 30,000 na jinyar da aka yi kafin rasuwa, saura 150,000 kenan da za a raba tsakanin uwa da yara uku. In rabon uwar ya zama 60,000 kuma ana binta 29,000, kusan rabi ya tafi a kan dala 10,000 da ta karɓa shekara uku baya. Ku sa lauya ya yi muku irin wannan lissafin da mafi ƙarancin abin da yake tsammani, kada ya yi da mafi yawa.

Ban ce kuɗin ba shi da amfani ba fa. Kamfanin inshora ya san iyalin da aka kusa kora daga gida za su karɓi duk abin da aka miƙa musu, shi ya sa tayin farko yakan zo da wuri kuma ƙarami. In dala dubu kaɗan za su ba uwa damar cewa a'a ta jira wata takwas a biya abin da ya dace, to kuɗin ya yi aikinsa. Sai dai in shari'a ta daɗe bashin ya kumbura, yana iya juyewa ya zama shi ne yake tura ku yin sulhu da gaggawa, don haka duk wata shida ku nemi a turo muku adadin da ake binku a ranar, ku ajiye kofi, ku tura wa lauya ɗaya.

Ranar da aka sasanta kar ku ɗauka lambar da ke kan tebur ba ta motsi. Kamfanonin nan suna yin ragi, musamman in diyyar ta zo ƙasa da yadda aka zata, kuma lauya ne zai nema muku, ku ce masa ya nema kafin a raba kuɗi, bayan an biya ba mai dawo da komai. A Niyok kotu sai ta amince da sulhun da kuma yadda za a raba, wannan ma yana iya ɗaukar watanni riba na gudu, to ku roƙi a daskarar da adadin daga ranar da aka cimma yarjejeniya, a rubuce. Daga nan lauya zai ba ku takardar rabo mai nuna kowace dala inda ta tafi, ku karanta ta layi layi kafin ku sa hannu, sannan ku karɓi wasiƙar kamfanin da ta ce an biya su duka ba sa bin kowa a gidan komai.