Darasi na Tara: Idan Na'ura Ta Nuna P0340

Karanta wannan da ƙarfi: P0340. Lamba ce da na'urar binciken mota ke nunawa idan ta ga matsala. Harafi ɗaya ne da lambobi huɗu. Abin da ke bin P sifili ne, ba harafin O ba. Ɗauki biro ka kwafe shi sau uku a littafinka. Harafin P na nufin matsalar ta shafi inji ko giya, lambobin kuma su ke faɗin wurin. Wannan lamba tana magana ne a kan sensar kamshaf da wayoyinta.

Mene ne aikin wannan sensa?

A kan inji akwai wata sandar ƙarfe mai ƙusumbi a jere, ita ce kamshaf. Ita ke buɗe bawul, wato ƙofar shigar iska ko fitar hayaƙi, ta kuma bar shi ya rufe. A ƙasa akwai kiranshaf, wanda fistan ke juyawa. Sai kiranshaf ya zagaya sau biyu kafin kamshaf ta zagaya sau ɗaya. Ke nan kowane fistan yana hawowa sama sau biyu: sau ɗaya don ya matse iska da mai, sau ɗaya don ya tura hayaƙi waje. Kwamfutar mota, wadda a gareji ake ce wa biren bos, tana buƙatar sanin wane hawa ne wannan kafin ta fesa mai a kan kari. Sensar kamshaf ce ke gaya mata. In saƙon ya yanke, sai mota ta daɗe tana kik kafin ta tashi, ko ta riƙa fizga, ko ta mutu idan ta yi zafi. Wutar inji mai ruwan ɗorawa kuma ta kama a gaban direba. Wasu motocin ma ba sa tashi sam.

Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da soket mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona na'urar bincike. Idan ta nuna lamba, rubuta ta a takarda tukuna. Kada ka goge. Yara da yawa hannunsu na ƙaiƙayin gogewa, alhali wanda ya goge kafin ya rubuta ya share sawun ɓarawo da tsintsiyarsa.

Na taɓa tsayawa a wani gareji aka turo wata Corolla. Yaron shagon ya jona na'ura, ya ɗago kai ya ce, "Oga, sensa ce ta mutu, a aika Ƙofar Ruwa a sayo sabuwa." Maigidansa bai ce uffan ba. Ya buɗe bonet, ya bi waya da yatsa tun daga soket ɗin sensa, taku ɗaya bai cika ba ya tsaya. Ɓera ya ci rigar wayar, jan ƙarfen ya fito fili yana gogar jikin inji, ga kashin ɓeran nan a gefe kamar baƙar shinkafa. Ya ce, "Zo ka gani da idonka. Na'ura ta ce maka saƙo bai iso ba. Ta ce maka ɗan aiken ne ya mutu?" Aka haɗa waya, aka naɗe, mota ta tashi da kik ɗaya.

Don haka kafin ka tuhumi sensa, fara da batir. Cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6 a mitar auna wuta, kuma lokacin kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Batir mai rauni kan sa kwamfuta ta kawo ƙarar da ba ta da tushe. Daga nan kashe mota, ka zare soket ɗin sensa ka leƙa ciki. Akwai baƙin mai? Akwai tsatsa mai kore-kore? Wani haƙori ya lanƙwashe? Goge, ka busar.

Yanzu ƙirga wayoyin, domin sensar iri biyu ce kuma gwajinsu ba ɗaya ba ne.

Mai waya biyu maganaɗisu ne da waya a nannaɗe, ita ke haifar da 'yar wutarta. Juya mita zuwa alamar Ω, wato om, ka ɗora bakunan mita a haƙoran sensa biyu. A Corolla mai inji 1ZZ, idan injin ya huce, ana son ka ga tsakanin 835 da 1,400. Kowace mota da nata adadin, sai a duba littafinta. In mita ta nuna OL, ko lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu, wayar cikin ta tsinke. Wani lokaci sensa kan nuna lafiya da safe, ta yanke idan ta ɗau zafi. In mai mota ya ce sai ya yi tafiya take mutuwa, sake aunawa da zafinta.

Mai waya uku ba a auna ta da om. Ita sai an ba ta wuta. Juya mita zuwa V mai miƙaƙƙen layi, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka auna soket ɗin ɓangaren mota. Waya ɗaya za ta ba ka 5 ko 12, ɗaya nagetif ce, ta ukun ita ke kai saƙo. In babu wuta, laifin na fiyus ne ko waya, sabuwar sensa ba za ta yi maganinsa ba. In akwai, mayar da soket, ka zura siririyar allura ta bayansa har ta taɓa wayar saƙo. Cire fiyus ɗin famfon mai da soket ɗin kwayil don kada inji ya tashi, sannan wani ya juya shi a hankali da sifana. A yawancin motoci lambar za ta riƙa tsalle, ta sauka kusa da 0, ta hau kusa da 5. Lambar da ta tsaya cak, alhali wuta da nagetif lafiya, ita ke tuhumar sensa. Kada ka kuskura ka sa ƙwan gwaji a wannan waya, yana iya lalata kwamfuta, kuma kuɗinta ya ninka na sensa nesa ba kusa ba.

Kwance sensar ba wuya, yawanci noti ɗaya ne mai lamba 10. Duba bakinta, in garin ƙarfe ya manne, share.

Saura abu ɗaya. Idan ka ga P0341 ko P0016, ko ka ji ƙarar sarƙa da safe lokacin tayarwa, mai yiwuwa sensar gaskiya take faɗa: sarƙar taimin ce ta saki, ko bel ya tsallake haƙori, kamshaf da kiranshaf sun daina tafiya tare. Wannan batu sai a darasi na goma.

Aiki: nemi mota biyu a garejinku, ka gano sensar kamshaf a kowace. Rubuta sunan motar, yawan wayoyin da launin kowace waya, da lambar da mita ta nuna maka. Ka zo da takardar ranar karatu mai zuwa.